Babi na Bakwai: Tashar da Aka Gina da Kwali

Ranar da aka gama shimfiɗa layin dogo a kan katako, aka haɗa wayoyi, ɗan ƙaramin jirgi ya zagaya ya dawo bai goce ba, mai shi yakan ji kamar ya kammala. Amma abin da ke gabansa har yanzu jirgi ne a kan tebur. Ba wanda zai dube shi ya ce ga ƙasar da yake ratsawa, ko ga shekarun da ake ciki. Gine-gine ne suke faɗin wannan. Tasha ta dutse mai ruwan toka, da rufi mai gangara sosai, ta kai ka tsaunukan arewacin Ingila. Jerin gidajen jan bulo manne da juna, bayansu na kallon layi, kowanne da bututun hayaƙinsa, sun kai ka unguwar ma'aikatan masaƙa. Jirgi wucewa yake yi ya shige rami, gini kuwa yana nan tsaye, a kansa ido yake sauka.

A Ingila, inda wannan sha'awa ta yi jijiya, da yawa daga cikin masu farawa da kwali suke soma gini. A shimfiɗe ake sayar da shi cikin fakiti: falle-fallen kwali da aka buga wa zanen bulo da dutse da ƙofofi, inji ya riga ya datsa kowane ɓangare, sai dai ka cire, ka lanƙwasa, ka manna. Sunaye biyu ne suka fi fita a wannan kasuwa. Akwai Superquick, wanda yake nan tun wajen 1960, da Metcalfe, wanda ke ƙauyen Bell Busk kusa da Skipton a Yorkshire. Kafin su an yi Bilteezi, wanda siririn kwali ne da mutum ke yanka komai da hannunsa. Abin ma ya girmi ƙananan jiragen lantarki, domin tun a ƙarni na 19 kamfanin Schreiber a garin Esslingen na Jamus da masu ɗab'in Épinal a Faransa suke buga gidaje da fadoji a takarda don yara su yanka su haɗa.

An ce araha ba ta ado, kuma da wannan idon wasu ke kallon kwali. A wurinsu kayan wanda bai kai ga sayen na roba ba ne, abin da za a lallaɓa da shi kafin hali ya samu. Ni ban yarda da haka ba, kuma ba don son kwali kawai ba. Lissafi ne zai raba gardama.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Birtaniya shi ne wanda ake kira OO. A cikinsa kowace ƙafa ɗaya ta zahiri tana komawa milimita 4, wato an rage abu sau 76. Mutum mai tsawon ƙafa shida ya zama milimita 24, ƙofar gida ta ƙafa shida da rabi ta zama milimita 26. Bulon Ingila na da, idan an haɗa da kwaɓin da ke tsakani, tsawonsa inci 9 ne, tsayinsa inci 3, saboda haka a kan tebur ya koma milimita 3 da milimita 1. Shi kansa layin kwaɓin, wanda a bango kaurinsa kimanin milimita 10 ne, ya koma kashi ɗaya cikin takwas na milimita, kusan kaurin fallen takardar rubutu. Zurfin da ya shige daga fuskar bulo kuwa, in ma ya shige, ya yi ƙanƙantar da ido ba zai kama shi ba.

To, wanda ke kallon shimfiɗar jirgi daga nisan mita ɗaya daidai yake da wanda ke kallon gini daga mita 76. Je ka tsaya a wannan nisa ka dubi bangon bulo. Ba za ka ga rami tsakanin bulo da bulo ba. Launi za ka gani: wannan ya fi wancan ja, wannan ya ƙone a wuta ya yi duhu, wancan ruwa ya koɗe shi. Ginin roba ana zuba shi ne a mazubi, kuma sau da yawa akan zurfafa layukan kwaɓin fiye da ƙima don su fito. Ga shi da launi ɗaya tal yake zuwa, sai gwanin fenti ne zai raba bulo da ɗan'uwansa. Kwali bai da rami, amma yana da launi, launi kuwa shi ne abin da ido ke gani daga nesa. Gaskiya dai, inda abu yake da tudu da kwari na zahiri, kamar rufin kwano ko bangon manyan duwatsu da ba a sassaƙe ba, roba da filasta sun fi shi. Haka ma ƙananan abubuwa irin su indararo da bututun ruwa. Amma a bangon bulo, ban ga abin da ya kere kwali mai kyan bugu ba.

Tun da an taɓo ma'auni, a kula da shi wajen saye. Tazarar layin OO milimita 16.5 ce, kuma asalinta ta ma'aunin HO ce, wanda ake rage abu sau 87, shi ne kuma ya mamaye sauran Turai da Amurka. Abin da ya faru shi ne, jiragen Birtaniya na zahiri sun fi na Turai da Amurka ƙanƙantar jiki, injunan lantarkin shekarun 1920 da 1930 kuwa ba sa shiga cikinsu idan an rage su sau 87, sai aka ɗan ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Wannan ya sa gidan da aka buga a Jamus don HO, in ka ajiye shi kusa da na OO, za ka ga ƙofarsa ta gaza. Masu dabara sukan kai shi can baya, inda ƙanƙantarsa ke sa a ga kamar ya yi nisa. A ƙaramin ma'auni na N ma ba a haɗu ba: Birtaniya 148, Japan 150, sauran Turai da Amurka 160.

Duk mai shakkar inda kwali zai iya kaiwa, labarin Pendon ya ishe shi. Roye England ɗan Ostireliya ne da ya zo Ingila a 1925, ya zauna a yankin da ake kira Vale of White Horse. Ya tarar da ƙauyuka masu gidajen jinka da suka yi ɗaruruwan shekaru, ya kuma ga ana rushe wasu, ana yaye jinkar wasu ana sa musu rufin zamani. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai ya shiga auna gidajen, yana ɗaukar hotonsu, yana rubuta launin kowane bango, sannan ya sake gina su a ma'aunin milimita 4. Ginin farko, wata tsohuwar mashayar ƙauye, ya ci masa kimanin shekara biyar. A 1954 aka kafa gidan tarihin Pendon a ƙauyen Long Wittenham, kuma har bayan rasuwarsa a 1995 masu sa kai suna ci gaba da aikin. Bangayen gidajen nan da farin kwali ake yin su. Da tsini ake zana kowane bulo, a bi shi da fentin ruwa ɗaya bayan ɗaya, jinka kuma da zaren rama irin na masu gyaran famfo. A can ne kuma aka adana Madder Valley ta John Ahern, wadda ya soma a shekarun 1930. Ahern na cikin waɗanda suka fara nuna cewa jirgi cikin ƙasa yake tafiya, tsakanin gari da gona da tashar ruwa, a lokacin da yawancin mutane layi da sigina kawai suke shimfiɗawa. Littafinsa, Miniature Building Construction, ya daɗe a hannun masu wannan aiki.

Ba a ce kowa ya zama Roye England ba. Abin lura shi ne, kayan aikinsa bai fi na cikin fakitinka tsada ba. Abin da ya fi mu da shi kallo ne da haƙuri.

A kan tebur

Mu ɗauki ƙaramar tasha irin ta layin Settle zuwa Carlisle, wanda kamfanin Midland ya buɗe wa fasinja a 1876, tasha ta dutse mai ɗakin jira da ofishin tikiti. Metcalfe na buga irinta. Kayan aikin ba su da yawa: aska mai kaifi irin ta tiyata, wadda Swann-Morton na Sheffield suka shahara da ita, da rular ƙarfe, da tabarmar yanka, da hantsaki, da tsinken sakace, da maƙalan shanya, da abin auna kusurwa irin na kafinta. Rular roba ba ta aiki a nan, aska za ta cinye bakinta.

Kafin ka taɓa aska, karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe, ka nemo kowane ɓangare a kan fallensa. Wanda ya tsara fakitin ya san dalilin da ya sa taga ta riga kusurwa, kuma akwai wuraren da in an rufe su hannu ba zai sake shiga ba.

Ɓangarorin da inji ya datsa suna maƙale da falle ta 'yan ƙananan wurare. Kada ka fizge su, domin fatar da aka yi bugu a kanta za ta yage ta bar farin tabo. Yanke su ake yi. Inda kuma kai ne za ka yanka da kanka, aza rula a kan ɓangaren da kake so, ta yadda in aska ta zame za ta faɗa cikin abin zubarwa. Kada ka danne don ka gama da ja ɗaya. Ja na farko hanya kawai yake buɗewa, na biyu da na uku su bi ta, har ka ji kwalin ya saki. Ramin taga daga kusurwa ake fara shi a nufi tsakiya, kowane gefe daga ɓangarorinsa biyu, don kada yankan ya zarce cikin bango. Kwali na dakushe ƙarfe da sauri fiye da yadda ake zato. Da zarar ka ga bakin yanka ya fara gashi-gashi, canja aska, kada ka ji ƙyashinta.

Yanzu ga wurin da ginin kwali ke tona wa kansa asiri. Idan ka lanƙwasa bango a kusurwa, wurin da aka tsaga yakan buɗe, farin cikin kwalin ya bayyana daga sama har ƙasa. Haka bakin kowace taga, da gefen rufi, da kan bututun hayaƙi. Faɗin layin bai fi rabin milimita ba, amma a kan bango mai duhu daga ƙofar ɗaki za a hango shi, kuma duk kyan bugun ya tashi a banza. Maganinsa fentin ruwa ne da siririn burushi, ko fensirin launi. Haɗa launin da ya ɗan fi na bangon duhu da dusashewa, ka tsane burushin a tsumma har ya kusa bushewa, ka ja shi da gefensa a kan bakin kwalin daga ta baya, don in ya zame ya ɓata ciki ba fuska ba. Alƙalamin maka yana da sauri, sai dai tawadarsa na tsotsuwa ta yaɗu cikin kwalin ta ɓullo a fuska, don haka a gwada shi tukun a kan guntu. Kuma duk wannan kafin a manna ake yin sa, domin inda gam ya taɓa fenti ba ya kamawa. Aiki ne mai cin lokaci, wani sa'in ya fi haɗa ginin kansa daɗewa. In aka tambaye ni abu ɗaya da ke raba ginin da aka ji da shi da wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, wannan zan nuna.

Taga kuma hawa-hawa ake yin ta. Bangon waje yana da babban rami, a bayansa a manna wani kwali mai ƙaramin rami wanda bakinsa zai leƙo ya zama katakon taga, a bayan wannan kuma a sa fallen roba mai ɗaukar ido da aka zana wa sanduna. Wannan jerin ba don ƙarfi kaɗai ba ne. Tagar gidan Ingila a cikin bango take zaune, ba a fuskarsa ba. A Landan har doka aka yi a 1709 cewa katakon taga ya ja baya da inci huɗu daga fuskar bango, saboda tsoron wuta bayan babbar gobarar 1666. Inci huɗu a ma'auninmu ya ɗan haura milimita ɗaya, kusan kaurin kwali guda. Wannan ɗan zurfin shi ke jefa inuwa a gefen taga, inuwar kuma ita ke gaya wa ido cewa bangon na da kauri. Idan fakitinka siriri ne, ƙara masa falle guda a tsakani.

Kafin gam ya shiga, haɗa komai a bushe, kamar yadda tela ke gwada riga a jiki kafin ya danna ɗinki. Tsayar da bangayen huɗu, riƙe su da maƙala, ɗora rufin, ka duba ta ko'ina. Inda ya cije, kankare. Inda ya bar kafa, nemo dalili.

Gam kuwa kaɗan ake so. Farin gam na kafintoci yana riƙe kwali sosai, yana kuma bushewa ba ya barin launi, amma akwai ruwa a cikinsa. Gefen da ya jiƙa yakan kumbura, in ya bushe ya tsuke ya ja bangon ya bankare. Shi ya sa ake ɗebo shi da kan tsinke, a shafa siriri, a ɗora littafi mai nauyi a kan abin da aka manna har ya bushe. Idan ka liƙa takarda a fuska ɗaya ta babban bango, liƙa wata a bayansa, su ja juna su daidaita. Kwali ma yana da jijiya kamar katako, ya fi sauƙin lanƙwasa ta wani gefen, don haka in za ka haɗa biyu ka gicciya su. Gam ɗin UHU ba ya jiƙa kwali, sai dai yana jan zare, zaren kuma in ya sauka a bangon da aka buga ya zauna ke nan. Akwai Roket Card Glue da aka yi musamman don wannan aiki, yana kamawa nan take, wanda ke nufin ba ya ba ka damar gyara. Gam mai kamun walƙiya kuwa a nisanta shi da taga, domin tururinsa na sa fallen roba ya yi hazo fari. A tuna da lissafinmu: ɗigon gam mai milimita biyu a bango, dunƙule ne mai inci shida.

A cikin kowace kusurwa manna ɗan kwali mai kauri da aka yanka daidai da abin auna kusurwa. Dogon bango a sa masa tokara daga ciki, ko da takardar bayani ba ta ce ba. Ba wanda zai gani, amma shi ne zai hana ginin karkacewa bayan shekara biyu.

Rufi ya cancanci a tsaya a kansa. A titi bango muke gani, rufi sai daga nesa. A kan shimfiɗa kuwa daga sama muke kallo, rufi ne farkon abin da ido ke tararwa, kuma a nan ne bugu shafe yake kasawa, domin rufin Ingila na fale-falen dutse hawa kan juna yake yi, kowane layi na jefa siririyar inuwa a kan na ƙasansa. Yawancin dutsen nan daga Wales aka haƙo shi, jirgin ƙasa kuma shi ya yaɗa shi cikin ƙasar. Hanyar da ta fi ita ce a yanka takarda zira-zira, a tsattsaga bakin kowane ziri daidai faɗin falle, a fara mannawa daga ƙasa ana hawa, kowane layi ya rufe na baya, tsagar kuma ta faɗo a tsakiyar fallen da ke ƙarƙashinta. Takarda za a yi da ita ba kwali ba. Kaurin fallen zahiri wajen rubu'in inci ne, wanda a nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Idan aka yi da kwali, sai rufin ya koma matattakala. A ƙarshe a ƙara indararo da bututun ruwa na roba ko na waya, don fakiti da yawa zana su kawai yake yi.

Idan kanti ya yi nisa

Intanet ta kawo wata hanya da ta fi dacewa da wanda ba ya kusa da masu sayar da fakiti. Kamfanoni irin su Scalescenes suna sayar da zanen ginin ne kawai. Ka sauke shi a kwamfuta, ka buga a takarda, ka manna a kwali mai kaurin milimita ɗaya ko biyu, ka yanka komai da hannu. Ya fi wahala, amma in ka ɓata bango sai ka sake buga wani, in kuma kana son sito mai tsawon ninki biyu sai ka buga sau biyu. A tabbata firinta ta buga a kashi 100 cikin 100, domin in aka bar ta ta daidaita zane da shafi za ta rage shi ba tare da sanarwa ba. Mai son mayar da zanen OO zuwa HO sai ya buga a kashi 87, zuwa N na Birtaniya kuma a kashi 51. Firinta mai tawadar ruwa na ba da launi mai taushi, amma ɗigon ruwa ɗaya na iya narkar da shi, rana kuma na koɗe shi, saboda haka akan fesa masa man kariya marar ƙyalli. Mai garin tawada ba ta tsoron ruwa, sai dai bugunta na ɗan sheƙi, yana kuma tsagewa a wurin lanƙwasa.

Danshi shi ne babban abokin gabar kwali ko a Ingila, inda ake yawan ajiye shimfiɗa a gareji ko a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. Mai yin wannan aiki a Kano ko Damagaram nasa ya ninka. Da damina kwali ya sha laima ya saki jiki, da hunturu ya bushe ya ƙandare, gam ya riƙa daskarewa a kan tsinke kafin a kai shi bango, ƙura kuma ta bi kowace kafa. Ga gara da kyankyaso, masu son takarda da gam. A nan tokarar ciki da man kariya a fuska biyu dole ne, haka ma murfin da za a kifa wa shimfiɗar, da ɗaga ta daga ƙasa da jikin bango. Wanda kuma ransa ya biya ya gina tashar Kano ko ta Zariya maimakon ta Yorkshire, da awo da hoto zai fara. Tsohon layin Nijeriya, wanda ya isa Kano a 1911, tazararsa ƙafa uku da rabi ce, wato milimita 1,067. Idan aka rage abu sau 64, layin nan na milimita 16.5 da ake samu a kasuwa ya yi kusan daidai da shi, kuma haka masu wannan sha'awa a New Zealand suke yi, tun da tazarar layinsu ɗaya ce da ta tsohon layinmu.

Fakitin da ya karɓu yana da illa guda: kowa na da irinsa. A wurin baje kolin shimfiɗu za ka iya ganin tasha ɗaya a tebur uku, har da tabon da aka buga a bangonta. Hanyar fita ita ce komawa ga gini na zahiri, ko hotonsa in ya riga ya tafi. Da yawa kuwa sun tafi. A Birtaniya, rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tasha 2,363 da layi mai tsawon mil 5,000, an kuma rufe mafi yawansu, wasu an rushe, wasu sun koma gidajen zama. Ga mutane da yawa, ginin kwalin da ke kan teburinsu shi ne tashar garinsu da suka sani suna yara. Irin waɗannan daga tsohon hoto suke ciro awo, ta hanyar ƙirga bulo: layi huɗu ƙafa ɗaya ne, don haka bango mai layi 48 ƙafa 12 ne, milimita 48 ke nan a kan tebur. Mai ƙirga bulo kuma ba ya daɗewa sai ya fara ganin abin da da ba ya gani. Tsofaffin gine-ginen jirgi sukan jera layi guda na bulo a tsawonsa, layi guda a kansa, alhali gidajen baya-bayan nan masu bango biyu da sarari a tsakani tsawon bulo kawai suke nunawa. Wanda ya san wannan ba zai liƙa takardar bulon zamani a kan siton 1880 ba.

Datti ma yana da ƙa'ida. Baƙin hayaƙi a saman inda kan jirgi ke tsayawa yake taruwa, da bakin rami, da ƙarƙashin gada. Ruwa daga gefen dakalin taga yake gangarowa ya bar zane. Gindin bangon da rana ba ta samu yakan yi kore da gansakuka. Kankaro garin allin launi, baƙi da toka da ƙasa-ƙasa, ka ɗebo kaɗan da burushi mai laushi, ka ja daga sama zuwa ƙasa, hanyar da ruwa ke bi. A yi kaɗan a ja baya a duba, domin ƙarawa na da sauƙi, cirewa daga takarda kuwa babu. Canja launin ƙofa, sa labule a taga biyu ka bar ta uku, rubuta sunan tasharka. Mai son sa fitila a ciki ya shafe bangon da baƙin fenti daga ciki, in ba haka ba haske zai ratsa kwalin ginin duka ya yi ja, ya kuma raba ɗakuna don kada kowace taga ta haska lokaci guda.

Saura inda gini ya haɗu da ƙasa. Gini na zahiri daga cikin ƙasa yake fitowa, harsashinsa na binne, ciyawa da tsakuwa sun rufe gindinsa. Na kwali in aka ɗora shi kawai a kan katako, baƙin layi zai bayyana a ƙarƙashinsa, kuma kafa mai milimita ɗaya daidai take da inci uku na sarari a ƙarƙashin bango. Don haka tun wajen gini a ƙara wa bangayen milimita biyu ko uku daga ƙasa. A aza ginin a mazauninsa, a zana kewayensa da fensir, a ɗaga shi, sannan a tayar da daɓen dandamali ko ƙasar fili da kwali har bakin zanen, ya zama an bar masa gurbi. Ginin sai ya zauna cikin gurbin ba tare da gam ba, ta yadda za a iya cire shi ranar share ƙura ko gyaran waya. Wanda zai zauna dindindin kuma, a zuba siririn gam a gindinsa, a barbaɗa rairayi mai laushi da garin ciyawa, a tura su da busasshen burushi har su hau jikin bangon kaɗan. Yadda ake haɗa ita wannan ƙasa da ciyawar, shi ne aikin babi na gaba.